Rubutun da ke Gindin Harsashin Igwa

A ƙarshen watan Fabrairu na 1903 rundunar Turawan Ingila da ta ci Kano ta yada zango a Ƙaura Namoda, kan hanyarta ta zuwa Sakkwato, inda aka gwabza a Giginya ranar 15 ga Maris. Tana tafe da ƙananan igwa masu faɗin baki milimita 75, waɗanda ake kwancewa a ɗora wa 'yan dako. Don haka idan garmar manomi a Kurya Madaro, ko wajen Zurmi da Shinkafi, ta tono wani tsohon ƙarfe mai siffar harsashi, ba laifi ba ne ya yi tunanin zamanin zuwan Nasara. Amma tunani daban, shaida daban, kuma shaidar tana jikin ƙarfen.

Harsashin igwa gida biyu ne. Akwai kwanso na tagulla, wanda ake zuba albarushi a ciki, shi ne ke saura a wurin da aka yi harbi. Akwai kuma kan harsashin, na baƙin ƙarfe, wanda ke tashi ya faɗa kan abokan gaba. Yawancin rubutun da ke karantuwa yana gindin kwanson, domin tagulla ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe.

Alamar da ta fi saurin ganewa ita ce 'yar kibiya mai layi uku, kamar sawun kaza. Hatimin gwamnatin Ingila ne, ma'anarsa kayan hukuma. Kusa da ita akan ga haruffan maƙerar. R.L. na nufin masana'antar gwamnati da ke Woolwich a Landan. V.S.M. kuwa kamfanin Vickers, Sons and Maxim ne, wanda ya ƙera irin igwar da aka ja zuwa Kano da Sakkwato, kuma da wannan suna ya yi aiki daga 1897 zuwa 1911. Sai lambar Romawa da ke nuna samfuri, sai shekara.

Wajen shekarar nan mutane suka fi ruɗewa. Shekarar ƙira ce, ba ta yaƙi ba. Kwanso mai 1901 zai iya zama na yaƙin 1903, zai kuma iya zama na Satiru a 1906, ko na atisaye kawai. Mai 1916 ko 1943 kuwa babu abin da ya haɗa shi da cin Sakkwato, sai dai ko tsarabar tsohon soja ce daga yaƙin duniya. Haka kuma wanda ya ce harsashin igwarsa daga fafatawar Kwatarkwashi ya fito, a yi masa tambaya, domin 'yan sintiri ne a kan dawaki, riƙe da bindigogi, suka yi arangama da mayaƙan Wazirin Kano Ahmadu a can.

Kan harsashin yana da ɗamarar jan ƙarfe kusa da gindi. Idan ɗamarar tana da zane-zane a karkace, an harba shi, cikin igwar ne ya tsaga ta. Harbabben da ya kwanta a ƙasa bai tarwatse ba shi ne mafi haɗari, kuma tsufa ba ya kashe sinadarin da ke ciki. Manoman Faransa har yau suna tono harsasan yaƙin 1914 zuwa 1918, wasu kuma suna fashewa. Balle a Zamfara ta yau, inda abin da ke cikin gona zai iya zama na bara.

Saboda haka irin wannan rubutu daga nesa ake kallonsa. Kada a kankare tsatsa don a ga haruffa, kada a kai wa maƙeri, kada a sayar wa 'yan gwangwan. A sa alama a wurin, a hana yara zuwa, a gaya wa mai unguwa ko hakimi, su kira 'yan sanda masu kwance bama-bamai. In sun tabbatar kwanso ne fanko, sai a ɗauki hoton gindinsa a nuna wa ma'aikatan Gidan Makama a Kano ko Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato.