Tallan aikin tsaron intanet: me ya sa yake korar waɗanda ake nema?

Yau da masu ɗaukar ma'aikata nake, amma ku ma masu neman aiki kada ku tashi, abin ya shafe ku.

Ƙungiyar ISC2 ta ƙiyasta cewa a 2024 duniya na da giɓin ma'aikatan tsaron intanet kusan miliyan 4.8. Amma ga matasa nan sun yi kwas, sun ci jarrabawa, suna ta tura takardu, shiru kake ji. Ni a ganina, wani ɓangare na matsalar yana cikin tallan aikin shi kansa.

Ga misalin da ya zama ruwan dare. A sama an rubuta aikin masu farawa ne, a ƙasa kuma a ce dole sai mai CISSP. To ita wannan takardar shaida, ISC2 ba ta bayar da ita sai mutum ya yi shekara 5 yana aiki a aƙalla fannoni 2 cikin 8 na tsaro. Digiri na iya rage masa shekara ɗaya, shi ke nan. Wato ana neman ɗan koyo mai furfura! Yaron da ya dace zai karanta ya ce ba da shi ake ba, mai CISSP ɗin kuma ya ga albashin ya wuce abinsa. Ga mai farawa, Security+ ta CompTIA ta fi kusa da hankali.

Sai sunan aikin. "Ƙwararre kan tsaron intanet" bai faɗi komai ba. Akwai mai zama a ɗakin sa ido da ake kira SOC, yana bin ƙararrawar da manhaja irin su Splunk ke tayarwa, yana tantance ta gaske da ta banza, wani lokaci cikin dare. Akwai wanda ake biya ya gwada kutsawa cikin na'urorin kamfani da izini, ya rubuta inda ya samu ƙofa. Akwai kuma mai kula da bin doka, wanda aikinsa takardu ne da bincike, kamar abin da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa manyan masu riƙe bayanan jama'a. Mutum uku ke nan, kowa da halinsa. In ka cusa su cikin talla ɗaya da albashi ɗaya, wa kake jira ya zo?

Kuma fa ba sai ka ƙirƙiro sunaye daga kanka ba. Hukumar NIST ta Amurka ta fitar da tsarin NICE a 2017 da ayyuka 52, kowanne da abin da mai shi ke yi da ilimin da yake buƙata. ENISA ta Tarayyar Turai ta fitar da nata a 2022, guda 12 kacal, ya fi sauƙin karantawa. Duka kyauta ne a intanet.

Idan ka zo rubutawa, faɗi abin da mutum zai yi ranar Litinin da safe. Akwai aikin dare? Wa zai kira idan abu ya ɓaci? Ware abin da yake dole da wanda zai koya a bakin aiki, kada na dole ya yi yawa. Albashi ma a rubuta, daga nawa zuwa nawa. Kafin a wallafa, a ba wanda ke yin wannan aikin yanzu ya karanta, ya soke duk abin da shi kansa bai taɓa yi ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.