Joker: mugun da muryarshi ta fi fuskarshi suna

Duk wanda ya taɓa riƙa karta ya san katin nan mai hoton wawan sarki da ake ce ma joka. To a ƙasar Amurka akwai wani mugu na cikin littattafan labarin zane, irin waɗanda Faransawa ke ce ma bande dessinée, da ya ɗauki wannan suna. Joker ke nan, abokin gabar Batman: fuska fara fat kamar alli, gashi kore, baki ja wur kuma kullum a washe. A shekarar 1940 ya fara fitowa, daga hannun Bill Finger da Bob Kane da Jerry Robinson, kuma har yau kasuwarshi ba ta faɗi ba.

Manyan ƴan wasan silima sun shafa alli sun fito a matsayinshi. Akwai Jack Nicholson a 1989, da Heath Ledger a 2008, da Joaquin Phoenix a 2019, kuma biyun ƙarshe har lambar yabo ta Oscar suka samu da shi. To amma in ka tambayi masoyan waɗannan littattafai wane ne Joker na ainihi, da yawansu sunan Mark Hamill za su kira maka, mutumin da ba a ganin fuskarshi a cikin wasan, muryarshi kaɗai ake ji.

An haifi Hamill a 1951 a jihar Kalifoniya. Ya yi suna tun yana saurayi, a 1977, lokacin da ya fito a matsayin Luke Skywalker, jarumin fim ɗin Star Wars. Sai dai wannan suna ya zame mashi kaya, domin masu shirya fim in sun dubi fuskarshi yaron kirkin nan kawai suke gani. Ya koma wasan daɓe a birnin Niyok, inda ya fito a matsayin mawaƙi Mozart a wasan Amadeus. Da aka tashi mayar da wasan fim ya nemi gurbin, kuma shi da kanshi ya ba da labari cewa mai shirya fim ɗin, Milos Forman, ya nuna mashi ba wanda zai yarda Luke Skywalker ne Mozart. Ƴan kasuwa sun san irin wannan: in aka san ka da haja ɗaya, ko ka kawo wata mai kyau ba a tsayawa rumfarka a taya.

Ƙofa ta buɗe a 1992, lokacin da kamfanin Warner ya fara majigin zane na Batman a telebijin. Tun farko wani ɗan wasan Ingila, Tim Curry, aka ba muryar Joker, daga baya aka sake shawara. Hamill, wanda ƙaramin gurbi ya fara samu a shirin, ya shiga gwaji ba tare da fargaba ba, don ya riga ya sa ma ranshi ba za a ba Luke Skywalker aikin mugu ba. Rashin tsoron nan ne ya sa ya saki murya yadda yake so, aka kuwa ɗauke shi.

Yadda aka yi aikin ya yi kama da wasan kwaikwayo na gidan radiyo. Andrea Romano, matar da ke jagorancin masu murya, takan tara su ɗaki guda, kowa da makirfo gabanshi, suna amsa ma juna, sannan daga baya a zana hotuna bisa abin da suka faɗa. Sauran suna zaune, shi Hamill a tsaye yake yin nashi, yana murɗa jiki yana yarfa hannu. Mu ma'aikatan radiyo mun san dalili: makirfo ba ya ganin mutum, amma yana jin ko ƙirji a buɗe yake, yana jin murmushi, yana jin gajiya.

Babban jarinshi ita ce dariya. Bai tsaya ga guda ɗaya ba. Akwai ƙyalƙyalar yaro mai ƙiriniya, akwai ta ƙeta da ke fitowa can ƙasan maƙoshi, akwai wadda ke farawa a hankali ta hau sama har ta koma kururuwa. Ya mayar da ita kamar kalangu, wanda ake matsa ma tsirkiya ya faɗi magana daban-daban. Da haka mai sauraro kan yi dariya tare da Joker, kafin ya rufe baki kuma tsoro ya kama shi. Wannan gami na ban dariya da ban tsoro shi ne halin Joker a littafi, kuma shi ne ke da wuyar kamawa.

Wanda ya kalli shirin da Faransanci kuwa, ba Hamill ya ji ba. Muryar Pierre Hatet ce, ɗan wasan Faransa da ya rasu a 2019, kuma ga masu jin Faransanci shi ne Joker. Masu kallon fina-finan Indiya fassarar Hausa sun san haka: in aka sauya mai muryar da aka saba da shi, sai ka ji kamar an sauya jarumin baki ɗaya.

Hamill ya riƙe wannan murya wajen shekara 30, a fim ɗin Mask of the Phantasm na 1993, da wasannin bidiyo na Arkham daga 2009, da The Killing Joke na 2016. A Arkham City har lambar yabo ta BAFTA ya samu a Ingila a 2012. A mafi yawan waɗannan ayyuka abokin karawarshi shi ne Kevin Conroy, mai muryar Batman. Conroy ya rasu a watan Nuwamba na 2022 yana da shekara 66, kuma a farkon 2023 Hamill ya nuna cewa in babu Batman ɗinshi, ba ya ganin dalilin sake ɗaukar Joker. Abin da ya gina, da abokin amsawa ya gina shi.

Yanzu kuma wata barazana ta taso ma sana'ar, domin kwamfuta ta iya kwaikwayon muryar mutum ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Kan haka ne masu murya na wasannin bidiyo a Amurka suka shiga yajin aiki a watan Yuli na 2024, ba su dakatar ba sai a Yunin 2025, bayan an amince cewa sai da izinin mai murya da kuma biyanshi za a yi amfani da kwafinta.

Mai tallar fura da mai shela a tasha sun riga sun san murya jari ce, tun da da ita ake gane su daga nesa kafin a ga ƙwarya ko mota. Kyamara ta rufe ma Hamill ƙofa saboda fuskarshi, makirfo ya buɗe mashi wata, ya ci abinci da ita shekara da shekaru. Allah shi sa ma sana'ar kowa albarka, amin.