Tsohuwar Na'urar Karkata Haƙoran Zarto da Masu Tara Kayan Da ke Farauta

Ɗauki zarton kafinta ka hango bakinsa daga tsini, za ka ga haƙoran ba a layi ɗaya suke ba: wannan ya karkata dama, na bayansa hagu. Da gangan aka yi haka. Karkatar ce ke sa tsagar da zarto ke yi a katako ta fi kaurin ƙarfensa faɗi. In babu ita, zarto sai ya cije ana tsakiyar yanka.

Matsalar ita ce dole kowane haƙori ya karkata daidai da ɗan'uwansa. In na gefe ɗaya suka zarce, zarto ya riƙa barin layi ke nan. In kuma aka lanƙwasa haƙori daga tushe maimakon rabinsa na sama, yana iya karyewa.

Da farko guduma ake amfani da ita, ko wani faffaɗan ƙarfe mai tsagogi da ake saƙala haƙori a ciki a murɗa, komai da kimantawar ido. Daga baya maƙera a Amurka da Ingila suka fito da na'urori masu kama da filaya: kana matsa hannu, wani ɗan turmi ya tura haƙorin zuwa iyakar da aka saita. Su ne masu tara tsofaffin kayan aiki ke bi kasuwannin gwanjo da eBay suna nema.

Sunayen da suka fi yawo sun haɗa da Morrill da Taintor, sai Eclipse 77 ta birnin Shafil a Ingila, mai faifan saiti da lambobi daga 4 zuwa 12. Sabon shiga kan ɗauka lambar ita ce adadin haƙora a inci ɗaya, ya saita ya hau aiki. Masu gogewa kuwa sai sun gwada a 'yan haƙora tukuna. Amma wadda ta fi farin jini ita ce Stanley 42X mai siffar ƙaramar bindiga, kuma ta cancanta: matsa ɗaya tana fara damƙe zarton, sannan ta tura haƙorin, babu zamewa.

Binciken kansa ya yi kama da bin tarihin sabunta manhaja. Da yawansu an zuba musu ranar rajistar ƙirƙira a jikin ƙarfe. Mai tarawa zai goge tsatsa, ya karanta ranar, ya shiga Google Patents ko rumbun DATAMP ya ciro ainihin zanen maƙerin, ya gano abin da aka sauya daga wannan samfur zuwa na gaba, ko da sukurun saiti ɗaya ne.

Abin da ya kashe kasuwarsu shi ne zarton zamani mai haƙoran da aka ƙona suka yi tauri. Magagari ba ya cin su, lanƙwasawa kuma karya su take yi, don haka in ya dakushe sai dai a sayi sabo.