Gudun Jirgin Sama a Cikin Iska

Gudun jirgin sama iri biyu ne: akwai nisan da yake ci a kan doron ƙasa, akwai kuma saurin da yake keta iskar da ke kewaye da shi. Na biyun ne ke riƙe jirgi a sama, domin fiffike ba ya ɗaukar nauyi sai iska na bi ta kansa da ƙarfi. Manoman Makoda sun saba ganin shirwa ta fuskanci iskar hunturu ta tsaya cak a bisa gona. A ido ba ta motsi, amma iska na ratsa fikafikanta, shi ya sa ba ta faɗowa.

Jirgin da ke keta iska da gudun kilomita 850 a awa, in iska mai gudun kilomita 100 ta taho masa ta gaba, kilomita 750 kawai yake ci a ƙasa. In ta baya ta biyo shi, 950 ne. Wannan na cikin dalilan da ke sa lokacin zuwa Jidda da na dawowa su bambanta.

Wajen tashi da sauka kuwa, iskar gaba ake so. Babban jirgin fasinja yana bukatar kimanin kilomita 250 zuwa 290 a awa kafin ya bar ƙasa, iskar gaba kuma tana rage masa tsawon gudu a titi. Titin filin jirgin Malam Aminu Kano ya miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, abin da ya dace da iskar hunturu da ta damina. Da bazara zafi kan sa iska ta rage nauyi, sai jirgi ya ƙara gudu a ƙasa kafin ya ɗaga.

Ana auna saurin da jirgi ke keta iska da wani siririn bututu mai buɗaɗɗen baki da ke kusa da hancin jirgi, wanda Bafaranshe Henri Pitot ya ƙirƙiro a 1732 don auna gudun ruwan kogi. Iska na matsowa cikinsa, na'ura ta mayar da matsin zuwa lamba a gaban matuƙi. Bututun ƙarami ne, amma toshewarsa ba ƙaramin haɗari ba ce. A 2009 ƙanƙara ta toshe na jirgin Air France da ya taso daga Brazil, matuƙa suka rikice, mutum 228 suka rasu. A haɗarin jirgin Birgenair na 1996 kuwa, masu bincike sun zargi gidan zanzaro da toshe bututun. Saboda haka ake rufe bakin bututun idan jirgi zai jima a ajiye, a sama kuma ana ɗumama shi da lantarki.