Me Ya Sa Ƙwararrun Masu Hoto Ba Sa Sakar wa Kyamara Ragama?

Shirinmu na yau ya leƙa sana'ar ɗaukar hoto.

A saman kyamarar zamani akwai wani ɗan faifai mai haruffa da ake murzawa. Ka kai shi kan otomatik, ita za ta auna haske, kai naka dannawa ne kawai. Wannan dabara ba ta yau ba ce, domin tun 1938 kamfanin Kodak ya fitar da kyamara mai daidaita haske da kanta. Amma ka leƙa hannun wanda ya daɗe a sana'ar, sau da yawa a kan harafin M za ka tarar da faifan, wato manuwal. Me ya sa mutum zai ɗora wa kansa aikin da na'ura ta ɗauke masa?

Dalili kuwa, ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san abin da ke gabansa ba. An gina shi ne bisa zaton cewa komai, in an cakuɗa haskensa da duhunsa, toka-toka zai koma. To ga ango ya fito da tsakar rana cikin babbar riga ta farar shadda, ta sha bugu sai ƙyalli take. Kyamara na ganin farin nan sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi. Rigar ta fito kamar an wanke ta da ruwan kududdufi, fuskar ango kuwa ta nutse cikin duhu, ko ƙwayar idonsa ba ka gani. Mu masu duhun fata wannan matsala ta fi shafa, kuma ba na jin ƙaramar magana ce. A shekarun 1950, da hoton Baturiya ɗakunan wanke hoto suke gwada ingancin launi. Mai hoton da ya san aikinsa fuskar mutum yake aunawa, don ita aka zo ɗauka.

Abu uku yake sarrafawa: faɗin ƙofar da haske ke shiga, saurin ƙiftawar kyamara, sai ISO, wato yadda take karɓar haske. Ku zo mu tsaya a Ƙofar Kudu a Kano ranar Hawan Daushe, mahaya sun sako dawaki za su yi jahi. In mai hoto ya sa ƙiftawa a kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa, doki zai tsaya cak a iska, ka ga ƙurar da kofato ya tayar, ka ga bakin rawani ya miƙe. In kuma ya rage ta zuwa 1 cikin 30, ya bi dokin da kyamara, sai 'yan kallo su zama zane-zane a baya, gudun ya fito fili. In ya daidaita ƙofa da ISO, duka biyun haskensu daidai ne. Wanne ake so? Kyamara ba ta da amsa, mai ita ne ke da ita.

Haka a wajen suna, ƙarƙashin rumfa. Mai baƙar abaya ta tsaya an ɗauka, mai farin leshi ta biyo baya. Hasken wurin bai motsa ba, amma otomatik zai haska mai baƙar abaya, ya dusashe mai farin leshi. Wanda ya saita da hannu sau ɗaya, hotunansa kansu ɗaya, ba sai ya kwana a gaban kwamfuta yana gyara ba.

Ba wai otomatik ba shi da rana ba. Da damina, lokacin da gajimare ke rufe rana yana buɗewa, ko ƙwararre kan zaɓi faɗin ƙofa ya bar wa kyamara sauran.

Ga masu koyo da ke saurarenmu, akwai tsohuwar ƙa'ida tun zamanin fim. In rana ta take, sa ƙofa a f/16, ISO a 100, ƙiftawa a 1 cikin 100 ko 125. In hazon hunturu ya dusashe ranar, buɗe zuwa f/11. In fuska ce a ƙarƙashin inuwar hula ko mayafi, ƙara buɗewa, ka ɗauka, ka duba allon baya, sannan ka gyara.