Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Zaɓa wa Yaro Littafin Ingilishi Gwargwadon Ƙarfinsa

Duk wanda ya taɓa zama a makarantar allo ya san ba a rubuta wa almajirai darasi ɗaya. Yara talatin za su zauna gaban malam, amma kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Ba a wanke allo sai yaro ya iya biya abin da ke kansa, ba a kuma tambayar shekarunsa kafin a ƙara masa. Wannan tsohuwar hikima muke son mu ɗauko a wannan fitowa, mu kai ta wani fage da ake yawan mantawa da ita, wato koyon karatun Ingilishi. Za mu ɗauki misali da ƴan'uwanmu mazauna ƙauyukan Jazira da gaɓar kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, domin halin da ƴaƴansu suke ciki ya fito da matsalar fili.

Yaro ɗaya, harsuna uku

Zaman Hausawa a wannan yanki ba na jiya ba ne. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci ma'aikata, maniyyata da yawa masu tafiya Makka a ƙasa suka yada zango, zangon kuma ya zama gida.

Jikokinsu a yau suna tashi da Hausa a cikin gida, da Larabci a kasuwa da makaranta. Ingilishi shi ne na uku, ga shi da baƙaƙe dabam, ana kuma rubuta shi daga hagu zuwa dama. Tun 1965 aka fara mayar da koyarwa a makarantun sakandaren Sudan zuwa Larabci, jami'o'i suka biyo baya daga 1990. Saboda haka yaron ƙauye ba ya gamuwa da Ingilishi sai a darasinsa kaɗai. In littafin da ke hannunsa ya fi ƙarfinsa, ba shi da wata ƙofar da zai bi.

Darasin da aka taɓa sani

Abin lura shi ne, makarantun Sudan sun daɗe da sanin maganin wannan matsala. Shekaru da dama ɗaliban makarantun midil sun yi karatu da littattafan Michael West, wani malami ɗan Ingila da ya yi aiki a Bengal ta ƙasar Indiya. West ya lura cewa littattafan zamaninsa suna jibga wa yaro sababbin kalmomi a kowane layi. Sai ya tsara jerin littattafan da ya kira New Method Readers a shekarun 1920: ya cire kalmomi masu wuya ya sa waɗanda aka fi amfani da su, ya riƙa shigo da sabuwar kalma ɗaya bayan ɗaya, yana maimaita ta har ta zauna. A 1953 ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 waɗanda suka fi yawo a harshen.

Daga baya manhajoji suka sauya. Aka yi NILE, aka kawo SPINE a farkon shekarun 1990, sannan SMILE da aka tsara tare da British Council. Kowannensu littafin aji ne, an rubuta shi bisa zaton cewa duk yaran aji ɗaya ƙarfinsu ɗaya ne.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rushe wannan zato. Faɗa ya shiga Wad Madani a Disamban 2023, ya kai jihar Sinnar a tsakiyar 2024. An rufe makarantu, iyalai sun watse, yara da yawa sun yi fiye da shekara ba su buɗe littafi ba. Mu ƙaddara yarinya mai shekara 14 ta koma aji tare da sa'o'inta, alhali karatunta na Ingilishi ya tsaya inda ta bar shi tana ƴar shekara 11, ko ma ya koma baya. In aka miƙa mata littafin ajinta, za ta yi ta haddace abin da ba ta fahimta ba, har ta yanke wa kanta hukunci cewa ba ta da ƙwaƙwalwa. Laifin kuwa ba nata ba ne, na ma'aunin ne.

Yaya ake aunawa?

Masana koyon harshe sun yi bincike a kan wannan. A 2000, Marcella Hu da Paul Nation sun nuna cewa mai koyo yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin labari kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Ma'ana, baƙuwar kalma ɗaya a cikin kowace 50. Da zarar baƙin kalmomi sun yi yawa, karatu ya zama tonon ƙamus.

Ba sai da kwamfuta ko jarrabawa za a gane wannan ba. Akwai gwajin yatsu biyar, wanda uwa ko yaya ko malami zai iya yi a cikin minti biyar. A buɗe tsakiyar littafin, a zaɓi shafi mai kalmomi kamar 100, yaro ya karanta a bayyane. Duk kalmar da ta gagare shi, ya lanƙwasa yatsa ɗaya. In bai lanƙwasa ko ɗaya ba, ko ya lanƙwasa ɗaya, littafin mai sauƙi ne, ya dace da karatun nishaɗi. Biyu ko uku, ya yi daidai. Huɗu, sai da mai taimako a gefe. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, a ajiye shi zuwa gaba.

Muna ƙara sharaɗi guda wanda ya shafi yaranmu musamman. Yaron da ya saba da hadda yana iya furta shafi sumul ba tare da ya san abin da ya faɗa ba. Don haka bayan ya gama, a rufe littafin a ce ya ba da labarin da Hausa ko da Larabci. Uwar da ba ta jin Ingilishi ma za ta iya wannan, domin ta san labari mai kai da gindi in ta ji shi.

Ina littattafan?

Kamfanonin ɗab'i sun bi sawun West. Jerin Oxford Bookworms, alal misali, yana farawa da mataki mai kalmomi 250, ya hau zuwa 400, 700, 1,000, 1,400, 1,800, har 2,500. Ana rubuta matakin a bangon littafi, sai a duba kafin a saya. Ga mai wayar hannu kuma, akwai African Storybook da aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2014, da StoryWeaver na ƙasar Indiya. Dukansu kyauta ne, an kasa labaransu mataki-mataki, wasu ma suna da Hausa da Ingilishi, ana kuma iya sauke su a buga a takarda.

Amfanin yawan karatu mai sauƙi ba zato ba ne. A tsibirin Fiji, Warwick Elley da Francis Mangubhai sun cika wasu azuzuwan ƙauye da littattafan labarai, sakamakon da suka buga a 1983 ya nuna yaran sun zarce takwarorinsu nesa wajen fahimtar karatu.

Kira gare mu

Ya ku iyaye, wannan magana ba ta Sudan kaɗai ba ce. Yaronmu na Maraɗi ko Damagaram da ke fara Ingilishi a kwaleji bayan Hausa da Faransanci, shi ma harshe na uku yake ɗauka. Ga masu tara littattafai don aika wa ƴan'uwa a Jazira da Mai Wurno kuwa, muna ba da shawara: ƙananan labarai 50 masu sauƙi sun fi kwali guda na manyan littattafan da ba mai iya buɗewa. A ware su bisa mataki, a manna wa kowane mataki launinsa, a bar yaro ya karanta da yawa a mataki ɗaya kafin ya hau na gaba. Kada kuma a kunyata babban yaro don an gan shi da ƙaramin littafi, domin da rarrafe yaro kan tashi.

Allah ya maido da zaman lafiya a Sudan, ya yi wa zuri'armu albarka.