Ƙwayar gaggawa: yaushe haila za ta zo?

Ƴan'uwa mata, yau za mu yi bayani bisa ƙwayar gaggawa ta hana ɗaukar ciki. Mace tana shan ta bayan saduwa, misali in ta manta da ƙwayoyinta na tazarar haifuwa. Iri biyu ce: wata ana shan ta cikin kwana 3, wata cikin kwana 5. Shan ta da wuri ya fi amfani.

Aikin wannan ƙwaya shi ne jinkirta fitowar ƙwan mace. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga. To, ranar haila tana bin ranar fitowar ƙwai. Shi ya sa haila take iya gocewa daga lokacinta. Wata mace za ta ga jini kafin ranarsa, wata kuwa sai bayan ƴan kwanaki. Wata ma takan ga ɗigon jini kafin hailar ta zo. Duk wannan ba abin tsoro ba ne.

Tun da mun iya rubutu, mu yi aiki da shi. Mu rubuta ranar shan ƙwayar da ranar da muke jiran haila. In haila ta wuce ranarta da kwana 7, mu je likita a yi awon ciki. In jinin ya zo kaɗan ƙwarai, mu nemi ungozoma. In akwai ciwon mara mai tsanani, mu tafi nan da nan.

Mu tuna, ƙwayar ba ta kare mace daga cikin da saduwa ta gaba za ta kawo.